Yadda Za Ka Bincike Babbar Lamba Har Ka San Halinta

Lambar da za mu yi aiki da ita ita ce 865,260, wato dubu ɗari takwas da sittin da biyar da ɗari biyu da sittin. Kuɗi ne. Shi ne abin da ya rage wa ƙungiyarmu ta manoman riɗi, a nan ƙauyenmu tsakanin Gumel da Maigatari, bayan an sayar da kaya an cire kuɗin mota da na 'yan dako da na buhuna. Ni ke riƙe da littafin ƙungiya, ni kuma ke koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren garin, don haka duk lambar da ta yi wa jama'a nauyi gabana ake kawo ta.

Wani zai ce ai ga kalkuleta a waya. Haka ne, ni ma ina amfani da ita. Sai dai kalkuleta tambayar da ka yi mata kaɗai take amsawa. Ka ce ta raba da 46, ta raba. Ba za ta gaya maka me ya sa 46 ta shiga 48 ta ƙi shiga ba, balle ta gaya maka hanyoyi nawa ne za a iya raba kuɗin ba saura. Abin da nake so ka tashi da shi ɗaya ne: kowace lamba, komai girmanta, an haɗa ta ne da wasu ƙananan lambobi da ba su rabuwa. In ka fito da su, kusan duk abin da ake tambaya game da lambar a jikinsu za ka karanta shi.

Waɗannan da ba su rabuwa su ne littafin makaranta ke kira firayim. A ajina gagara-rabo muke ce musu: lambar da ta wuce 1, wadda babu mai shiga cikinta daidai sai 1 da ita kanta. Ɗaya ba ta cikinsu. Biyu tana ciki, kuma ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Kafin ka fara, ka sami takarda da biro, ko ka share ƙasa ka ɗauki tsinke, ka rubuta waɗanda ke ƙasa da ɗari a gefe. Guda 25 ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97. In ka manta su, ka jera lambobi daga 2 zuwa 100, ka bar 2 ka soke duk ninkinta, ka bar 3 ka soke ninkinta, haka 5, haka 7. Abin da ya tsira shi ne jerin. Ba sai ka je kan 11 ba, don 11 sau 11 ta kai 121, ta riga ta wuce ɗari. Wannan tankaɗe ana danganta shi ga Eratostenis, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Fara daga wutsiya

Kada ka kalli lambar gaba ɗaya, za ta ba ka tsoro a banza. Duba ƙarshenta. Idan ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, 2 za ta shiga. Idan ta ƙare da 0 ko 5, biyar za ta shiga. Tamu ta ƙare da sifili, ke nan 2 da 5 da 10 duk sun samu.

Don 4, alƙaluma biyu na ƙarshe za ka duba. Namu 60 ne, 4 ta shiga 60 sau 15, saboda haka ta shiga lambar duka. Dalili kuwa, duk abin da ke gaban waɗannan biyun ɗari-ɗari ne, kuma 4 tana shiga ɗari. Don 8, uku na ƙarshe, domin 8 ba ta shiga ɗari amma tana shiga dubu. Namu 260 ne. Takwas sau 32 ya ba da 256, saura 4. Ba ta shiga ba. Riƙe wannan, zai dawo mana. Haka 25: sai lamba ta ƙare da 00, 25, 50 ko 75, tamu kuwa 60 ce.

Sannan ka tara alƙaluman

8 + 6 + 5 + 2 + 6 + 0 = 27. Idan 3 ta shiga jimlar, ta shiga lambar. Idan 9 ta shiga jimlar, ita ma ta shiga lambar. Ashirin da bakwai tara uku ce, don haka duka biyun sun samu.

Yara da yawa sun haddace wannan ba tare da an taɓa gaya musu dalili ba, abin kuwa yana damuna, don dalilin bai fi layi uku ba. Goma ita ce 9 da 1. Ɗari ita ce 99 da 1. Dubu ita ce 999 da 1. To idan kana da ɗari biyu, kana da 99 sau biyu, da ragowar 2. Idan kana da dubu biyar, kana da 999 sau biyar, da ragowar 5. Su 9 da 99 da 999 tara tana shigarsu ba gardama, ka ajiye su gefe. Abin da ya saura a hannunka shi ne alƙaluman kansu, shi ya sa ake tara su. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya ba ya ƙara rikita ƙa'idar 9 da ta 4.

A nan akwai rami. Jimlar ta fito 27, sai mutum ya ɗauka 27 ma za ta shiga lambar. Ba haka ba ne, ƙa'idar ta tsaya a kan 3 da 9. In ka raba 865,260 da 9 za ka sami 96,140, alƙalumanta kuwa sun taru a 20, uku ba ta shiga.

Bakwai, sha ɗaya da sha uku a bugu ɗaya

Wannan ita ce dabarar da na fi so a duk aikin. 7 × 11 × 13 = 1,001. Dubu ke nan ta gaza ninkin waɗannan ukun da ɗaya tak. Saboda haka ka yanke lambarka a wurin waƙafi, ka cire ƙaramin ɓangare daga babba: 865 − 260 = 605. Yanzu duk abin da kake son sani game da 7 da 11 da 13, tambayi 605. Bakwai sau 86 ya ba da 602, saura 3, ba ta shiga ba. Sha uku sau 46 ya ba da 598, saura 7, ba ta shiga ba. Sha ɗaya sau 55 ya ba da 605 cif. Lamba mai alƙaluma shida ta koma mai uku, tambaya uku sun amsu.

Idan lambar ta kai miliyan, ka yanka ta uku-uku daga dama, ka riƙa cirewa kana ƙarawa bi da bi. Ga 12,345,678: 678 − 345 + 12 = 345. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke shiga 345, to babu mai shiga uwar lambar.

Farfasa ta

Yanzu ka san waɗanda za su shiga, sai ka fara rabawa, daga ƙarama zuwa babba. Kada ka bar wata gagara-rabo sai ta ƙi shiga.

865,260 ÷ 2 = 432,630
432,630 ÷ 2 = 216,315
216,315 ÷ 3 = 72,105
72,105 ÷ 3 = 24,035
24,035 ÷ 5 = 4,807
4,807 ÷ 11 = 437

A kan 437 ne ɗalibai suka fi tsayawa. Mara ce, alƙalumanta sun taru a 14, ba ta ƙare da biyar ba, sai su ce Malam an gama, wannan gagara-rabo ce. Ba a gama ba. Lambobi irin su 51 da 57 da 87 da 91 da 221 duk kama suke yi da marasa rabuwa, alhali 51 uku ce sau 17, 91 bakwai ce sau 13, 221 kuma sha uku ce sau 17. Ido ba ya yanke wannan hukunci, sai an gwada.

To har ina za ka yi ta gwaji? Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta wuce abin da ke hannunka. 20 × 20 = 400, 21 × 21 = 441. Iyakarka ke nan 20. Dalili: idan lambobi biyu suka haɗu suka ba da 437, ba zai yiwu duka biyun su kai 21 ba, don da sun ba da 441 ko fiye. Dole ɗayansu ta kasance 20 ko ƙasa. Mun riga mun sallami 7 da 13. Sha ɗaya sau 39 ya ba da 429, saura 8. Sha bakwai sau 25 ya ba da 425, saura 12. Sha tara sau 23 ya ba da 437. Ta fashe, kuma 19 da 23 duk suna cikin jerinmu.

Akwai gajeriyar hanya da ta dace da irin wannan wuri, ta wani Bafaranshe, Fermat, wanda ya rasu a 1665. Dubi 441, ta fi 437 da 4, huɗu kuwa 2 × 2 ce. Duk lokacin da tazarar ta zama lamba sau kanta, ka cire ka kuma ƙara: 21 − 2 = 19, 21 + 2 = 23. Gwada da 8,051: 90 × 90 = 8,100, tazara 49, wato 7 × 7, amsa 83 da 97. Da gwaji ɗaya bayan ɗaya za ka bi, sai ka wuce gagara-rabo 22 kafin ka iso 83. Dabarar tana aiki da sauri ne idan lambobin biyu suna kusa da juna. In sun yi nisa, koma wa gwaji.

Ga lambarmu a buɗe:

865,260 = 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 11 × 19 × 23

Ninka su ka tabbatar kafin ka ci gaba. 4 × 9 = 36, sau 5 ya zama 180, sau 11 ya zama 1,980, sau 437 ya dawo 865,260. Ko ta ina ka fara, da 11 ko da 5, waɗannan takwas ɗin za ka ƙare da su, babu wani jeri na biyu. Tushen wannan magana yana wurin Iƙlidis, masanin lissafi Bagirke, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Bajamushe Gauss kuma ya kawo cikakkiyar hujjarta a 1801.

Me zai rabu, me ba zai rabu ba

Ranar rabo shugabanmu, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya ce, "Malam, mu arba'in da shida ne. Zai tashi daidai, ko sai an nemi canji?" Na ce, "Baba, zai tashi." Ban raba ba tukuna, jerin na duba. 46 ita ce 2 × 23, akwai 2 akwai 23. Ka cire su ka ninka abin da ya rage: 2 × 3 × 3 × 5 × 11 × 19 = 18,810. Rabon kowa ke nan.

Ƙa'idar ita ce: lamba za ta shiga ne kawai idan duk gagara-rabon da ke cikinta suna cikin jerin, kuma adadinsu bai fi abin da ke jerin ba. Da mu 45 ne, 3 × 3 × 5, zai tashi, kowa 19,228. Da mu 44 ne, 2 × 2 × 11, zai tashi, kowa 19,665. Amma 42 tana buƙatar 7, babu. Hamsin tana buƙatar 5 guda biyu, ɗaya ce ke akwai. Arba'in tana buƙatar 2 guda uku, 48 tana buƙatar guda huɗu, mu kuwa biyu gare mu.

Daga nan za ka gane wani kuskure da ake yawan yi. Mutum ya ga 4 ta shiga, 6 ta shiga, sai ya ce 24 ma za ta shiga. A'a. Huɗu da shida sun yi tarayya a kan 2, an ƙirga ta sau biyu. Abin da ka tabbatar 12 ne kawai. Haɗa ƙa'idoji biyu yana yiwuwa ne in lambobin ba su yi tarayya a komai ba, kamar 4 da 9 su ba ka 36, ko 5 da 11 su ba ka 55.

Wannan ba wasan aji ba ne, masu rabon gado da shi suke aiki. Kasonnin da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Shi ya sa za ka ji malaman gado suna kafa mas'ala a kan 6 ko 12 ko 24, don su ne ƙananan lambobin da waɗannan kasonni ke shiga tare. A ce dukiyar da aka bari 865,260 ce. Rabi 432,630, sulusi 288,420, rubu'i 216,315, sudusi 144,210, duk sun fita ba ɓurɓushi, domin 12 ta shiga. Tumunin takaba kuwa zai zo 108,157 da kwabo hamsin, saboda 2 ta uku da muka rasa tun a wutsiya. Wa zai ci me, hukuncin malamai ne da alƙalai. Amma wanda aka kira ya riƙe biro a wurin, ya kamata tun kafin a fara ya san inda kwabo zai ɓullo, ya faɗa wa magada, kada a zo ƙarshe wani ya ga kamar an ci masa. Ba banza ba Al-Khawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba da babban kaso na littafin ga lissafin gado da wasiyya.

Masu raba ta guda nawa ne

Ba sai ka jera su ba. Kowace mai raba lambar zaɓi ce daga cikin jerin. A wajen 2 kana da hanya uku: ka ƙi ɗauka, ka ɗauki ɗaya, ko ka ɗauki biyu. A wajen 3 ma hanya uku. Su 5 da 11 da 19 da 23 kowace hanya biyu, ka ɗauka ko ka bari. Wato ka ƙirga sau nawa kowace ta fito, ka ƙara ɗaya, ka ninka: 3 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 144. Lambobi 144 ne ke shiga 865,260 ba saura, har da 1 da ita kanta.

Biyu-biyu suke tafiya, 72 ke nan: 1 da 865,260, 2 da 432,630, 46 da 18,810, haka har su matso tsakiya. Mafi kusa da juna su ne 874 da 990. Da ramukan shuka ne kake so ka jera layi-layi daidai, layi 874 kowane da rami 990 shi ne mafi kusa da gona mai tsawo da faɗi ɗaya.

Wannan ya kai mu ga murabba'i, wato lambar da ta fito daga wata lamba sau kanta. Alamarta a jeri ita ce kowace gagara-rabo ta fito da adadin cika, biyu ko huɗu ko shida. Tamu 2 da 3 sun cika sharaɗi, sauran huɗun kowace ita kaɗai ce, don haka ba murabba'i ba ce. Tana tsakanin 930 × 930 = 864,900 da 931 × 931 = 866,761. In aka tambaye ka ƙaramar lambar da za a ninka ta da ita ta zama murabba'i, irin tambayar da ke zuwa wa 'yan ƙaramar sakandare, ka ba kowace marainiya abokiya: 5 × 11 × 19 × 23 = 24,035. Murabba'i kaɗai ke da adadin masu raba ta mara, domin ta tsakiya da kanta take haɗuwa. 36 tana da guda 9.

Akwai kuma lambobin dala, irin adadin buhunan da za ka samu in ka jera ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashi, uku, huɗu, har ƙasa: 1, 3, 6, 10, 15. Gwajinsu shi ne ka ninka da 8 ka ƙara 1, in ta zama murabba'i to ta dala ce. Tamu ta ba da 6,922,081, alhali 2,631 × 2,631 = 6,922,161. Ta kusa amma ba ta kai ba. Jeri mai layi 1,315 buhu 865,270 yake ci, goma kacal ya fi tamu.

Mai rara, mai giɓi, ko cikakkiya

Wannan rabe-rabe tsoho ne, wani masanin lissafi mai suna Nikomakus ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, malaman lissafi na ƙasashen Musulmi suka ɗauka suka faɗaɗa. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta gaza lambar, mai giɓi ce, kamar 8 da ke ba da 1 + 2 + 4 = 7. In ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da ke ba da 16. In ta zo daidai, cikakkiya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, da 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14.

Tara lambobi 144 da hannu wahala ce da ba ta da amfani. Koma wa jeri. Ga 2 da ta fito sau biyu: 1 + 2 + 4 = 7. Ga 3: 1 + 3 + 9 = 13. Ga sauran, ƙara wa kowace ɗaya: 6, 12, 20, 24. Ninka su duka: 7 × 13 = 91, sau 6 ya zama 546, sau 12 ya zama 6,552, sau 20 ya zama 131,040, sau 24 ya zama 3,144,960. Wannan jimlar har da lambar kanta, cire ta, saura 2,279,700. Ta ninka 865,260 fiye da sau biyu da rabi. Mai rara ce sosai.

Da hukuncin kaɗai kake so ba adadin ba, da ka gama tun da ka ga 6 ta shiga. Rabi da sulusi da sudusi in sun haɗu sun cinye dukiya: 432,630 + 288,420 + 144,210 = 865,260. Uku kawai daga cikin masu raba ta sun riga sun kai ta, ko 1 ka ɗora an wuce. Saboda haka duk ninkin 6 da ya wuce 6 mai rara ne. Yawancin masu rara na farko cika ne. Sai ka kai 945 kafin ka sami mara ta farko. Gagara-rabo kuwa duk masu giɓi ne, 1 kawai suke da ita.

Cikakku su ne masu wuyar samu. Bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128, sai a yi tsalle zuwa 33,550,336. Iƙlidis ya nuna yadda ake gina su: ka yi ta ninka 2, ka cire ɗaya, in abin da ya fito gagara-rabo ne, ka ninka shi da rabin inda ka tsaya. 32 − 1 = 31, 31 × 16 = 496. Wani masanin lissafi, Euler, a ƙarni na 18, ya tabbatar cewa duk cikakkiyar da take cika ta wannan hanya take fitowa. Cikakkiya mara kuwa har yau babu wanda ya samo ko ɗaya, babu kuma wanda ya kawo hujjar cewa babu ita. Ina son gaya wa ɗalibai wannan, don su san tambayar da ɗan aji ɗaya zai fahimta tana iya gagarar manyan duniya fiye da shekara dubu biyu.

Kusa da su akwai lambobi aminan juna. Masu raba 220 sun taru a 284, masu raba 284 kuma, 1, 2, 4, 71 da 142, sun taru a 220. Sabit bin Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar samo irinsu.

Idan lambar ta ƙi fashewa

Tamu ta yi sauƙin kai, shida daga cikin gaɓoɓinta takwas ƙa'idojin ido suka fito da su. Ba kowace ke haka ba. Ɗauki 1,000,003. Ba cika ba ce, jimlarta 4, ba ta ƙare da biyar ba, duk ƙofofin sauƙi a rufe. Iyakar gwajinta 1,000 ce, gagara-rabon da ke ƙasa da dubu kuwa 168 ne. Sai ka gwada su duka, kowace ta ƙi, sannan ka sami ikon cewa gagara-rabo ce. Haka ɗin take, ita ce ma ta farko bayan miliyan. Ta ƙarshe kafin miliyan ita ce 999,983, kuma tsakanin 1 da miliyan guda 78,498 ne. A irin wannan aiki ka ɗauki kalkuleta ba kunya. Ka raba, in ka ga ɗigo da alƙaluma a bayansa ba ta shiga ba, ka soke ta a takarda ka wuce gaba. Sokewar tana da muhimmanci, don mai gwaji da ka yakan tsallake ɗaya, sau da yawa kuma ita ce amsar.

Girman lamba na ƙaruwa, aikin na kumbura. Mai alƙaluma 11, tsawon lambar waya, iyakar gwajinta na iya kaiwa 316,227. Wannan aikin kwamfuta ne, a wurinta kuma ba komai ba ne. Amma in alƙaluman suka kai ɗaruruwa, ita ma takan durƙusa. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne na ƙiftawar ido, gano su daga amsar kuwa shi ne tashin hankali, kuma a kan wannan bambanci aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tsare bayanai a intanet. A 2020 sai da masana suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu yawa kafin su fasa wata mai alƙaluma 250. Gagara-rabo ba su da ƙarshe, Iƙlidis ya tabbatar da haka, kuma wata babba da aka gano a watan Oktoba na 2024, wato 2 a jere sau 136,279,841 an ninka an cire ɗaya, alƙalumanta 41,024,320 ne.

Don ka gwada hannunka, ɗauki 1,000,001, maƙwabciyar waccan. Dabarar uku-uku ta ba da 1 − 0 + 1 = 2, ke nan 7 da 11 da 13 sun fita. Za ka bi jerin nan na 25 har 97 babu wadda ta shiga, a nan ne zuciya za ta ce maka ka tsaya. Kada ka tsaya, iyakarka 1,000 ce ba 100 ba. Ta gaba ita ce 101, kuma 101 × 9,901 = 1,000,001. Saura hukuncin 9,901. Iyakar gwajinta 99 ce, don 100 × 100 ya wuce ta. Ba sai ka sake raba komai ba: duk wadda za ta shiga 9,901 da ta shiga 1,000,001, kai kuwa ka riga ka gwada duk na ƙasa da ɗari sun ƙi. Gagara-rabo ce. Daga nan sauran a hannunka yake: masu raba 1,000,001 huɗu ne, 1 da 101 da 9,901 da ita kanta, ukun farko sun taru a 10,003, mai giɓi ce ƙwarai, kuma mutum 101 ko 9,901 ne kaɗai za su raba ta a tashi daidai.